Pontiac Vibe ko Toyota Matrix: wacce ya kamata ka saya, tunda an daina ƙera Pontiac?

Da wuya ka zagaya wuraren sayar da motocin Beljiyam a Kano, Kaduna ko Abuja ka fito ba ka ga Pontiac Vibe ba, galibi an jera ta kusa da Toyota Matrix. Kana nuna sha'awarta, wani cikin 'yan rakiyarka zai ja ka gefe ya ce, "Alhaji, rufa wa kanka asiri. Motar Amurka ce, kuma kamfanin ma ya rufe. Ina za ka samu kayanta?" Maganarsa da ƙamshin gaskiya, domin tun 2010 ba a sake ƙera wata mota da sunan Pontiac ba. Sai dai gargaɗin nasa sauran motocin Pontiac ya shafa, Vibe kam lissafinta daban ne.

Kamfanin General Motors, wato GM, shi ya fito da Pontiac a 1926 domin ta raka wata motarsa mai suna Oakland a kasuwa. Sai 'yar rakiyar ta fi karɓuwa, har aka daina Oakland a 1931. Sunan na wani gari ne a jihar Michigan, garin kuma ya ci sunan Pontiac, shugaban ƙabilar Odawa da ya jagoranci yaƙi da Turawan Ingila a 1763. Tashenta na gaske a shekarun 1960 ta yi shi. A 1964 John DeLorean da abokan aikinsa suka ɗauki ƙaton inji mai silinda takwas suka dasa a matsakaiciyar mota, suka kira ta GTO, a 1967 kuma Firebird ta fito. Samarin Amurka na lokacin, duk mai son gudu da ƙarar inji Pontiac yake mafarki. Daga baya GM ya saki layi: sai ya ɗauko motar Chevrolet, ya sauya mata fuska da tambari, ya ce ga sabuwar Pontiac. Da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe a 2008, GM ya koma neman ceto wurin gwamnati. Ranar 27 ga Afrilu 2009 ya sanar da cewa zai rufe Pontiac, ranar 1 ga Yuni ya shiga kotu ya bayyana karyewar jarinsa. Ya riƙe Chevrolet, Buick, Cadillac da GMC, yarjejeniyar dilolin Pontiac kuma ta ƙare a ƙarshen Oktoba 2010.

Amfanin wannan tarihi ga mai saye shi ne ya gane cewa a shekarunta na ƙarshe Pontiac tambari ce kawai da ake manna wa motoci masu asali daban-daban. Kada ka tsaya kan jan kan kibiyar da ke gaban motar. Ɗaga bonet ka ga injin waye.

A Vibe, injin Toyota za ka gani. An ƙera ta a masana'antar NUMMI da ke Fremont a jihar Kalifoniya, wadda GM da Toyota suka buɗe tare a 1984, ginin da Tesla ta saya a 2010. Ita kuwa Matrix a Cambridge ta lardin Ontario a Kanada aka yi ta. Gidan haihuwarsu ne ya bambanta, amma uwa ɗaya uba ɗaya suke, dukansu kuma a kan ƙashin Corolla aka gina su. Inji, giya da kayan ƙafa na Toyota ne. Ita kanta Toyota ta kai Vibe ƙasar Japan ta sayar da ita da sunan Toyota Voltz daga 2002 zuwa 2004. Saboda haka duk bakaniken da ya iya Corolla ya iya Vibe, kuma fulogi, matatar mai, takalmin birki da famfon ruwa ba za su ba ka wahala a Ƙofar Ruwa, Panteka ko Apo ba.

Inda suka rabu shi ne jiki. Fitilun gaba da na baya, bamba, fenda da fuskar gaba na Vibe nata ne ita kaɗai, na Matrix ba sa hawa. Rediyonta ma na GM ne. Ranar da ɗan adaidaita sahu ya goge maka fitilar baya, a ranar ne za ka san an rufe Pontiac, domin sai dai ka nemi ta hannu wadda aka ciro daga wata motar. Tana samuwa tunda Vibe ta yi yawa a ƙasar nan, amma kana iya yin yawo kafin ka dace da mai tsafta. Wannan ne kaɗai fifikon Matrix da nake ɗauka da muhimmanci, tare da cewa an ci gaba da ƙera ta har zuwa samfurin 2013 a Amurka. Idan an jera maka su biyu, shekara ɗaya, ka ɗauki wadda ta fi lafiya, ko wane tambari ke gabanta. Biyan ƙarin kuɗi don kawai a ga sunan Toyota a bayan motarka asara ce.

Zaɓin da ya fi wuya yana cikin ita Vibe ɗin kanta, domin ba iri ɗaya ba ce.

Zubin farko ya kama daga samfurin 2003 zuwa 2008. Ta gama-gari tana da inji 1.8 mai lamba 1ZZ-FE, ƙarfin doki 130 a farko, da giya otomatik mai hawa huɗu ko ta hannu mai biyar. Sarƙa ce ke juya taimin ɗinsa, ba bel ba, don haka babu zancen canji lokaci-lokaci muddin ana kula da baƙin mai. Masu ita a Amurka abin da suka fi yabo shi ne juriya da ɗaukar kaya. Bayanta shimfiɗe yake da roba mai tauri, ka ɗora buhun shinkafa ko jarkar manja, in ya zube ka goge da tsumma. Kujerun baya suna kwanciya, ta mai zaman banza ma tana ninkewa, har doguwar katako ta shiga. Gilashin ƙofar baya yana buɗewa shi kaɗai ba sai ka ɗaga ƙofar duka ba. Akwai kuma soket irin na gida a gaban mota, amma wutarsa volt 115 ce irin ta Amurka kuma ba ta da ƙarfi: cajin waya da kwamfuta zai yi, abin da ya wuce haka kada ka jona. Kukan masu ita kuwa bai wuce ƙarar hanya da ke shigowa ciki ba, da rashin kuzari idan an cika ta da mutane a hawan tudu, da shan baƙin mai a injinan shekarun farko, wanda Toyota ta rage bayan ta gyara fistan da ringi wajen 2005. Masu giyar hannu ta 2003 da 2004 su ma sun yi ta ƙorafin lalacewar boris a cikin giya.

Akwai GT, mai injin 2ZZ-GE da aka yi da hannun Yamaha, doki 180 a farko, giyar hannu mai shida kawai. Tana da daɗin tuƙi, amma ƙarfinta ba ya fitowa sai inji ya kai juyi wajen 6,000 a minti, kuma fetur mai daraja ta sama take so. Ga magidanci mai kai yara makaranta a cunkoson Kano, ba ta da wani amfani. Akwai kuma mai jan ƙafa huɗu, wadda dillali zai yi ta kambama maka. Don ƙanƙarar arewacin Amurka aka yi ta. Ƙarfinta ya ragu zuwa doki 123, nauyinta ya ƙaru, shan manta ya ƙaru, ga ƙarin kayan ƙarƙashi da za su tsufa su nemi kuɗi, kuma tana son tayoyinta huɗu su zama iri ɗaya. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ban ga dalilin da zai sa mai zirga-zirgar cikin gari ya ɗauke ta ba. A wannan zubin na farko, su biyun duk an daina su bayan 2006.

Zubi na biyu shekara biyu kawai ya yi, 2009 da 2010, an ma tsayar da ƙera shi a Agustan 2009. Ya fi kyan gani, ya fi kayan kariya. Mai inji 1.8 mai lamba 2ZR-FE, doki 132, zaɓi ne mai kyau ƙwarai idan aljihu ya kai. Mai 2.4 kuwa, injin Camry ne 2AZ-FE, doki 158, kuma na waɗannan shekarun ya yi ƙaurin suna wajen shanye baƙin mai ta ringi. Mutum yana tafiya ba hayaƙi sosai, ba ɗiga a ƙasa, sai ya zaro sandar awo ya tarar da ita a bushe. Kayan jikin wannan zubin ma sun fi ƙaranci, tunda ba a yi shi da yawa ba.

Da ni za a tambaya, 1.8 mai jan gaba, otomatik, tsakanin 2006 da 2008 zan nuna, sai 1.8 ta 2009 ko 2010 ga mai hali.

Sauran Pontiac ɗin da ke shigowa jefi-jefi, a nan gargaɗin ɗan rakiyarka ya zauna daram. G6 'yar'uwar Chevrolet Malibu ce, Torrent ta Equinox, G5 kuma ta Cobalt, wadda ta shiga badaƙalar makunnin inji ta 2014, inda mabuɗi ke juyawa da kansa mota na tafiya, ya kashe inji da jakar iska mai kare mutum a haɗari, aka rasa rayuka sama da ɗari. Grand Prix mai injin 3800 tana da ƙarko na gaske, amma mai take sha ba wasa, kuma masu gyaranta a nan ƙidayayyu ne. Arharsu kada ta ruɗe ka, sai in kana da bakanikenka na motocin GM da hanyar samo kaya daga waje.

Kafin ka biya ko sisi, karanta lambar shasi. Vibe ta gaskiya da 5Y2 take farawa, kuma harafi na goma shi ke faɗin shekara: 3 na nufin 2003, 8 na nufin 2008, A kuma 2010. Da wannan za ka kama wanda ya sa wa 2003 bamba da fitilun 2005 yana ce maka sabon zubi ce. Mita ma tana da wani hali da ya kamata ka sani: a Vibe, Matrix da Corolla na 2003 zuwa 2008, idan ta kai 299,999 tsayawa take cak. Ga wadda ke ƙirga mil, wannan kusan kilomita 483,000 ne. Motar da ta haura shekara goma sha biyar tana nuna maka mil 70,000, ka dubi sitiyari da robar birki da kujerar direba, su ba sa ƙarya. Sa a ɗaga ta ka leƙa ƙarƙashi, domin jihohin da ake zuba wa titi gishiri saboda ƙanƙara suna aiko da motoci masu tsatsa har cikin ƙashi, fenti kuma yana ɓoye ta. Ɗaga kafet ka shinshina, ka duba laka a ramin tayar safaya, don gudun wadda ambaliya ta ci. Ka je da safe ka tayar da ita da sanyinta, wani ya tsaya a bayan salansa yana kallon shuɗin hayaƙi. Takardun kwastam kuma a tantance su da lambar shasin, ba da bakin dillali ba.

Wannan lambar dai ka shigar da ita a shafin hukumar NHTSA ta Amurka mai kula da kiyaye haɗurran motoci, kyauta ne, zai nuna maka gyaran dole da ba a yi wa motar ba. A 2010 an kira samfurin 2005 zuwa 2008 a kawo su gyara saboda tsagewa a ƙwaƙwalwar inji mai sa mota ta mutu tana tafiya, an kuma kira na 2009 da 2010 saboda totur mai maƙalewa. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne jakar iska ta kamfanin Takata da ke gaban mai zaman banza. Sinadarin da ke hura ta yana lalacewa da zafi da laima da tsufa, in ta tashi sai ta fashe ta watso ɓaraguzan ƙarfe a fuska da wuya. A Janairun 2024 Toyota ta ce wa masu Corolla da Matrix na 2003 da 2004 da ba a gyara ba kada su ma tuƙa su, Vibe ta waɗannan shekarun kuma irin wannan jakar ke cikinta. Motar da aka loda a jirgin ruwa kafin a canza mata, har yau tsohuwar ce a ciki, tana gasuwa a ranar Sakkwato ko Maiduguri, kuma matarka ko ɗanka ne zai zauna a wannan kujera. Idan shafin ya nuna ba a yi gyaran ba, ka sa kuɗin canjin a cikin ciniki, ko ka wuce ta gaba. Sannan ka murɗa mabuɗi ka kalli fitilar jakar iska: dole ta kama na 'yan daƙiƙu ta mutu. In ba ta kama ba sam, wani ya cire ƙwanta ne don kada ka gani.