Adaftar Wi-Fi da faffaɗar eriya a kan Raspberry Pi a waje: abin da na gani

Raspberry Pi 4 ɗina, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, tana can ƙarshen fili, kusan mita 80 daga ginin da rauta (na'urar da ke raba Wi-Fi) take, tana ɗauke da kyamara da abin auna zafi da laima. Eriyar da ta zo da ita wani ɗan zane ne kawai a jikin farantin kwamfutar, kuma ba a yi mata wurin ɗaura wata daga waje ba. A cikin ɗaki ba ta da laifi. A inda na kafa ta kuwa, ƙarfin sigina yakan tsaya wajen -84 dBm (ma'aunin ƙarfin sigina ne, kuma gwargwadon kusancin lambar da sifili gwargwadon ƙarfin): ta kama yanzu, an jima ta saki, hoto ya zo rabi ya maƙale. Shi ya sa na sayi adaftar Wi-Fi ta USB wadda ake iya kwance eriyarta, na haɗa da faffaɗar eriya mai 14 dBi (ma'aunin ribar eriya), irin mai fuskantar waje guda.

Abin da na fara dubawa kafin saye shi ne cif ɗin da ke cikinta, don shi ne ke raba mai kwanciyar hankali da mai ciwon kai. Wadda na ɗauka tana da MT7612U, kuma direbanta, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane ta, yana cikin Linux (tsarin da Pi ke aiki da shi) tun sigar 4.19, saboda haka ina sokawa ta bayyana a matsayin Wi-Fi na biyu, wlan1, ban sauke komai ba. Akwai adaftoci da yawa a kasuwa da sai mutum ya haɗa musu direba da hannu, kuma idan aka sabunta manhajar kwamfutar suna iya yin shiru. Na'urar da ke saman sanda, wadda ba ka da hanyar shiga cikinta sai ta Wi-Fi ɗin, ba ta dace da irin wannan wasa ba.

Da 'yar sandar eriyar da ta zo cikin kwali, sigina ta tashi zuwa wajen -76. An samu sauƙi, amma ba wanda zai sa a yi murna ba. Da na ɗaura faffaɗar na saita ta ga ginin, sai ta koma -66, kuma tun daga nan bidiyo ya daina tsinkewa. Lissafin ba mai wuya ba ne: kowane ƙarin 3 dB ninki biyu ne na ƙarfi, kuma a sarari fetal, duk lokacin da nisa ya ninka ana asarar 6 dB. Eriya ba ta ƙirƙiro ƙarfi. Tattara shi take yi waje guda, kamar yadda tocila ke kai haske nesa alhali ƙwan da ke cikinta bai kai fitilar ɗaki ba. Abin da ya fi burge ni shi ne ribar tana aiki ta fuska biyu, wajen aikawa da wajen ji. Adaftar da aka cika wa ƙarfin aikawa kawai, rauta za ta ji ta, amma ita ba lallai ta ji amsar rauta ba, kuma Wi-Fi ba ya tafiya sai kowane ɓangare ya ji ɗan'uwansa.

Sai dai fa abin da ya fi kawo canji ba a cikin kwali ya zo ba. Tsawon sanda ne. Sigina ba ta bin layi siriri daga wannan eriya zuwa waccan. Tana bukatar sarari mai kumburi a tsakiya, wanda masana ke kira yankin Fresnel. A kan 2.4 GHz, zangon Wi-Fi da nake amfani da shi, idan nisan mita 100 ne, kumburin yakan kai kusan mita 1.8 daga tsakiyar layin zuwa kowane gefe. Ma'ana, ko idonka yana hango ginin, ƙasa da katanga da saman bishiya suna iya cinye rabon siginar idan eriyar ta yi ƙasa. Da na ɗaga ta sama da katanga, na kuma matso da rauta bakin tagar da ke kallon fili, na samu ƙarin da bai ci ko sisi ba. Ganye ma abokin gaba ne, musamman in ya jiƙe, don ruwa yana shanye wannan zangon. Bayan ruwan sama nakan ga sigina ta sauka kaɗan, ta dawo in gari ya bushe.

Wayar eriya kuma a yi hattara da ita. Siririyar nan ta RG-58 tana zubar da kusan 1 dB a kowace mita a wannan zango, don haka mita goma za su haɗiye yawancin ribar eriyar. Ni na bar wayar eriya gajeriya, na kai adaftar kanta sama da wayar USB, wadda ke iya kai mita 5 ba tare da matsala ba. A duba bakin ɗaurin ma: yawancin adaftoci RP-SMA ne, ba SMA ba, kuma nau'ukan biyu suna iya ɗauruwa da juna alhali tsinken ciki bai haɗu ba.

Inda ban ji daɗin adaftar ba: tana zafi, tana jan wuta, kuma ba a yi ta don ruwa ba. Ramukan USB na Pi 4 gaba ɗaya 1.2 A suke bayarwa, saboda haka caja mai rauni za ta sa adaftar ta riƙa ɓacewa. Mai 3 A nake amfani da ita. Na sa adaftar cikin akwatin roba mai lambar IP65 (mai hana ƙura da feshin ruwa shiga), ban da na ƙarfe, na naɗe bakin eriyar da tef. A baƙin ramin USB na soka ta, ba shuɗi ba, don shuɗin USB 3.0 ne, wanda ke fitar da hayaniya daidai kan 2.4 GHz. Nisan da aka rubuta a jikin kwali kuwa, a karanta a wuce.

Saiti kaɗan ne: na kashe Wi-Fi na ciki da rubuta dtoverlay=disable-wifi a fayil ɗin saitin Pi, na kashe tanadin wuta na adaftar, na tsayar da rauta a tasha ta 6 maimakon barinta tana zaɓa da kanta. Na gwada 5 GHz, ya fi gudu amma ya fi saurin karyewa, sai na bar shi. A sa sunan ƙasa daidai a saitin, don doka tana lissafa ƙarfi har da ribar eriya. A Tarayyar Turai, alal misali, iyakar 100 mW ce a kan 2.4 GHz, kuma eriya mai 14 dBi za ta wuce ta in ba a rage ƙarfin aikawa ba.

Ga wanda kwamfutarsa ke kafe wuri guda kuma tana hango ginin, zan ce ya saya. In tana yawo, kamar a kan mutum-mutumi mai taya, faffaɗar eriya ba ta da amfani, sai mai watsawa ko'ina. In kuwa gini ko kurmi ya tare tsakani, ya ja wayar intanet ya huta: tana kai mita 100, kuma da PoE, wato tsarin aika wuta ta cikin wayar intanet, ita ce za ta kawo wutar ma.