Kowace Giya da Irin Kofinta

Yaya, gaisuwa mai yawa, da fatan kowa yana lafiya.

Ka tambayi aikin da nake yi a gidan abincin nan na Faransa. Rabinsa goge kofunan gilashi ne, domin a nan kowace giyar inabi da irin kofinta. Ta yankin Burgundi na Faransa a mai ƙaton ciki ake zuba ta, ta yankin Bordo a dogo, shamfen kuwa a siriri don kada kumfarta ta yi saurin gudu. Dukansu da doguwar ƙafa, nan ake riƙewa, saboda ɗumin hannu kan canza abin da ke ciki.

Ni ba sha nake ba, amma ai hanci ba ya da marfi. A zuba giya ɗaya a tambulan mai buɗaɗɗen baki da kuma kofi mai faɗin ciki da tsukakken baki, a ɗan jujjuya, ko daga nesa za ka ji bambanci. Faɗin cikin ne ke ba ƙamshin wurin tashi, tsukewar bakin ta tara shi inda hanci zai shiga. Shi ya sa ba a cika kofin, kashi ɗaya cikin uku ya isa. A 2015 wasu masana a Tokiyo sun ɗauki hoton tururin barasa da kyamara ta musamman, suka ga a irin wannan kofi gefen baki yake zagayewa, ya bar tsakiya.

Inda ban yarda da dillalai ba shi ne da'awar cewa kofi na kai giya daidai wurin da harshe ke jin zaƙi ko tsami. Ko'ina a harshe yana jin kowane ɗanɗano. Tun da kamfanin Riedel na Ostiriya ya fito da jerin kofunansa na Sommeliers a 1973 kasuwar ta buɗe, amma masu gwajin giya da kansu ƙaramin kofi ɗaya suke amfani da shi, wanda ISO, hukumar daidaita ƙa'idojin kayayyaki ta duniya, ta tsara, ga kowace iri.

A ƙananan gidajen abinci na Italiya ma, tambulan na ruwa kawai ake ajiye wa mutum, ba mai ƙorafi. Wajen ƙarko kuwa, na Schott Zwiesel na Jamus sun fi kwanta min a rai, don injin wanki ba ya yi musu komai. Siraran da ake hurawa da baki, in ka matsa tsumma kaɗan sai ka ji ƙas, ƙafar ta karye a hannunka.