Na'ura ta cire mini mafitsara a Jidda: wata takwas bayan aiki

Jini na fara gani a fitsari, ba zafi ba raɗaɗi. Na ɗauka tsargiyar ƙuruciya ce ta dawo, don mun sha wankan kududdufi kafin mu zo Saudiyya. Ashe ciwon daji ne, har ya kama naman mafitsara. Likita ya ce mini: "Alhaji, sai an cire ta gaba ɗaya."

Da wata na'urar tiyata mai suna "da Vinci" aka yi aikin. Ba ita ke yanka da kanta ba, likita ne zaune a gefe yana sarrafa hannuwanta ta 'yan ƙananan huji. Huji shida ne a cikina, sai ɗan tsagin da aka fito da mafitsarar. Ko leda ɗaya ta jini ba a ƙara mini ba, kashegari ma na taka har bakin ƙofa. Wannan kam na yaba.

Inda na ji jiki shi ne hanji. Daga cikinsa ake yanko ɗan guntu a yi wa fitsari hanya zuwa jaka a gefen ciki. Bayan haka sai hanjina ya kwanta, kwana biyar ko tusa babu, ciki ya kumbura kamar ganga, sai da aka zura mini roba ta hanci. A mako na uku zazzaɓi ya rufe ni, ƙwayoyin cuta sun hau ƙoda, aka sake ba ni gado. Abin da ya ɓata mini rai, kafin aiki an yi ta yabon na'urar, ba wanda ya zaunar da ni ya ce irin wannan tangarɗa ruwan dare ce. 'Yata ce ta nemo mini binciken da aka wallafa a 2018, na asibitocin Amurka: bayan shekara biyu, kusan 72 cikin 100 ciwon bai ci gaba ba, ko da na'ura ko da tsaga ciki, matsalolin bayan aiki kuma kusan ɗaya. Zubar jini ne na'urar ke ragewa, ga ta da cin lokaci.

Mai shirin yi, ka tambayi likitanka sau nawa ya yi wannan aiki, ka kuma dage a koya maka manna jakar tun kana asibiti. Ni sai da ta ɓalle mini sau biyu cikin dare kafin hannuna ya faɗa. Malaminmu ya ce in riƙa sabunta alwala a kowace salla, kamar mai yoyon fitsari. Da Sha'aban na yi Umara, jakar na ƙarƙashin harami, ba wanda ya lura.