Filin jirgin Kano babu 'yan rakiya: tafiyata a lokacin korona

'Yata ta haihu a Abuja ana tsakiyar dokar kulle, suna ma a waya na yi shi. Saboda haka da ministan sufurin jiragen sama na lokacin, Hadi Sirika, ya sanar cewa jiragen cikin gida za su dawo aiki, Abuja da Legas ranar 8 ga Yulin 2020, Kano da Maiduguri da Fatakwal da Owerri ranar 11, ban yi wata-wata ba na sa ɗana ya yankar mini tikiti. Ga abin da na tarar a filin jirgin Malam Aminu Kano.

Hukumar FAAN mai kula da filayen jiragen sama ta ce a zo awa uku kafin tashi. Na yi ta mita a mota, jirgin da bai fi awa ɗaya a sama ba! Da na ga layi sai na yi shiru.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne batun rakiya. Mota biyu muka yi: Alhaji, ƙanwata, yara, har da maƙwabciyata da ta riƙo ƙullin daddawa da kukar mai jego. Tun daga waje wani ma'aikaci sanye da takunkumi ya tare mu, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, mai tikiti kaɗai ke shiga." Ƙanwata ta ce ai jaka kawai za ta kai mini. Ya ce, "Wallahi ko masu riƙe wa manya jaka an hana, sai in tare za su tashi." Nan bakin mota muka yi sallama, Alhaji ya yi addu'a a tsaye, aka shafa. Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Amma duk wanda ya san yadda wurin nan yake cika idan mutum ɗaya zai tashi mutum goma sun rako shi, ya san ba don wannan dokar ba, zancen tazara tatsuniya ce.

A bakin ƙofa an yi wa jakunkunana feshi, na wanke hannu, wata jami'ar lafiya ta saita mini na'urar auna zafin jiki a goshi. Na ɗan ja da baya, ta yi dariya ta ce, "Mama, ba bindiga ba ce." An manna alamu a ƙasa inda kowa zai tsaya, kujerun jira kuma an tsallake ɗaya-ɗaya. Wajen duba katin shaida aka ce in sauke takunkumi su ga fuska, in mayar. Ba wanda ya ɗaga mini murya, kuma banɗaki akwai ruwa da sabulu. Na duba da kaina, don a nan ake gane gaskiyar tsabtar wuri.

Shirun wurin ma abin kallo ne. Watan Zulƙida ne fa, lokacin da a da maniyyata ke cika ko'ina da jakunkuna iri ɗaya. A shekarar Saudiyya ta taƙaita Hajji ga mazauna ƙasarta, jiragen waje kuma an dakatar da su a Kano tun watan Maris.

Inda aka samu tangarɗa, mu fasinja ne. Ana kiran jirgi kowa ya miƙe, aka dunƙule a ƙofa kamar ana rabon zakka, alamun ƙasa suka zama ado. Wani bawan Allah a bayana takunkuminsa na haɓa, yana waya yana cewa korona ciwon masu kuɗi ce, shi kuwa ga shi zai hau jirgi. Sai da ma'aikaciya ta yi masa magana sau biyu. Kamfanin da na bi kuma ya makara da fiye da awa ɗaya, a ciki kafaɗata na gugar ta maƙwabcina, ba abinci ba komai, don an dakatar da rabawa.

Ma'aikatan filin dai na ba su takwas cikin goma. Daddawar ta isa lafiya, sai dai 'yata ta ce ledar waje na warin maganin feshi, ta juye ta a wani kwano.