Sa hannu ta waya a kan takardun fim: abin da na gani a wani ofishi a Kumasi

Shekara shida ke nan ina riƙe da takardun wata ƙaramar ƙungiyar shirya fina-finan Hausa a Kumasi, kuma abin da ya fi cin rai a wannan aiki shi ne neman mai sa hannu. Ɗan wasan da ke unguwar Aboabo ta Kumasi yau, gobe ya hau mota zuwa Tamale; mai haɗa sauti yana Nima a Akra; mawaƙin da muka sayi waƙarsa kuma yana Kano. Saboda haka a shirin da muka kammala bayan ƙaramar Sallah muka ba wani ofishin buga takardu da ke kusa da Asawase aikin tattara sa hannun mutum 31 ta intanet.

Tsarin aikinsu ba shi da wuyar fahimta. Mun kai musu yarjejeniyoyin da lauyanmu ya rubuta, suka ɗora su a ɗaya daga cikin sanannun manhajojin sa hannu, irin su Docusign da Adobe Acrobat Sign, suka nuna gurbin suna da na kwanan wata, sannan suka aika wa kowa saƙo. Mutum ya buɗe, ya shigar da lambar sirrin da aka turo wa wayarsa, ya zana sa hannunsa da yatsa. Idan kowa ya gama, ana rufe takardar ta yadda duk wani canji zai bayyana, kuma tana zuwa da shafin shaida mai ɗauke da lambar waya ko adireshin imel, da lokacin da aka buɗe, da lokacin da aka sa hannu. Cikin kwana huɗu muka samu sa hannu 27, aikin da a da yakan ci mini mako uku da kuɗin mota. Ana biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, bisa yawan takardu, kuma kuɗin bai kai na zirga-zirgar da na saba yi ba.

Abin da ya sa na fara amincewa da su shi ne mai ofishin ya san inda doka ta tsaya. Dokar mu'amala ta na'ura ta Ghana, wato doka mai lamba 772 ta shekarar 2008, ita ce ta ba takardar na'ura da sa hannun na'ura matsayi a gaban shari'a, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye, domin dokar haƙƙin mallaka mai lamba 690 ta 2005 tana buƙatar miƙa haƙƙi ya zama a rubuce da sa hannun mai shi. Amma dokar 772 ta ware wasu takardu, daga ciki akwai wasiyya, da takardar wakilci, da rantsuwar da ake yi gaban kwamishinan rantsuwa, da cinikin fili ko gida. Mai gidan da muka yi ɗauka a ciki yana zaune a Jamus, ya so ya wakilta ƙanensa ta wannan hanya, sai mai ofishin ya ƙi karɓar aikin, ya ce a yi ta a takarda ta hannun lauya. Mai ofishin ya rasa kuɗin takarda ɗaya, ya samu yardata. Haka nan ya ja mini kunne cewa hoton sa hannu da aka manna a takarda aka turo ta WhatsApp, wanda yawancinmu muke yi, ba ɗaya yake da wannan ba, tunda ba ya ɗauke da hujjar wanda ya manna shi.

Inda suka gaza kuwa babban wuri ne. A cikin 'yan wasanmu akwai wata dattijuwa da ta fito a matsayin kaka, ba ta karanta Turanci, kuma ba ta da waya mai intanet. Ma'aikacin ofishin ya tura saƙon zuwa wayar jikanta, kafin la'asar na'ura ta nuna an kammala. Da na je gaishe ta sai na ce, "Hajiya, an karanta miki abin da ke cikin takardar nan?" Ta ce, "Wace takarda, ɗana? Yaron nan dai ya ce mini an gama." Shafin shaidar da muke taƙama da shi ya zama hujja a kanmu, domin lambar jikan ce a jiki, yatsansa ne kuma ya yi zanen.

A Ghana akwai tsohuwar doka ta kare wanda bai iya karatu ba, tun 1912, wadda ta wajabta wa mai rubuta wa irin wannan mutum takarda ya karanta masa ita, ya bayyana masa ma'anarta, ya kuma rubuta sunansa da adireshinsa a jiki, kuma kotunan ƙasar nan sun daɗe suna ɗora nauyin tabbatar da cewa an fahimci takarda a kan wanda ke son cin moriyarta. Ma'aikacin bai taɓa jin labarinta ba, alhali yana aiki a tsakiyar zango, inda dattawa da yawa suka yi karatun allo ba su yi na boko ba. Sai da muka koma gidan Hajiya da takarda da tawada, na fassara mata sharaɗi bayan sharaɗi da Hausa gaban shaida, ta tambayi ko za a sa fuskarta a tallan wani kaya, muka ce a'a, muka ƙara wannan a rubuce, sannan ta dangwala yatsa. Tambayar da ta yi ma ta fi ta wasu masu digiri da suka danna cikin minti biyu.

Game da yara biyu da suka fito a shirin, ofishin ya yi daidai, ya nemi sa hannun iyayensu tunda ba su kai shekara 18 ba. Sai dai ban ji daɗin yadda suke karɓar hoton Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, a wayar ma'aikaci ba, kuma da na tambayi yaushe za a goge, ban samu amsa tsayayya ba, duk da cewa dokar kare bayanan jama'a mai lamba 843 ta 2012 ta hana riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake buƙatarsu.

Ga furodusan da ke fatan sayar da fim ga tashar talabijin ko kamfanin waje, wannan hidima tana da amfani ƙwarai, domin mai saye yakan nemi ganin izinin kowane ɗan wasa da kowace waƙa, kuma Amurka tun 2000 da Tarayyar Turai a ƙarƙashin dokarta ta 2014 sun amince da irin wannan sa hannu. Zan koma wurinsu a shiri na gaba, amma na riga na raba jerin sunayen gida biyu, kuma dattawa huɗu da ke ciki ni zan kai musu tasu takardar da kaina.