Renon yara a Ingila da Gombe: abin da fam ke saya

Assalamu alaikum 'yan uwa na Gombe. Masu shirin tahowa da ƙananan yara suna yawan tambaya kan reno a Ingila, to ga yadda abin yake.

Mai jego a nan ba ta da kaka mai dama mata kunun kanwa, sai ma'aikaciyar lafiya da ke zuwa har gida tsakanin kwana 10 zuwa 14 da haihuwa. Ana sake duba yaro a mako 6 zuwa 8, da wata 9 zuwa 12, sannan a shekara 2 zuwa 2 da rabi, komai a rubuta a wani jan littafi. Abin da ya kamata mu kwaikwaya shi ne uwar ma ana tambayarta: kina samun barci? Kina yawan kuka? Sun san in ran uwa a ɓace yake, jariri ma ba ya sakewa.

Gidan reno kuwa tsada kamar me. Ɗan shekara 3 ko 4 yana da awa 15 kyauta a mako, mako 38 a shekara. Awa 30 ɗin da kuke ji ta iyaye masu aiki ce, kuma irin bizar mutum kan hana shi samu. Ma'aikaciya ɗaya ba ta riƙe fiye da yara 3 'yan ƙasa da shekara 2, sannan kowane yaro da tasa mai kula da shi, wadda zai saba da fuskarta. Wato gwaggo ce ake biya da fam, wadda a Jekadafari ko Bolari tana ɗakin da ke kallon naki.

Inda ake kuskure shi ne a ajiye yaro a gidan reno ranar farko a sulale. Sai ƙiwa ta ƙaru, ya riƙa farkawa cikin dare yana laluben uwa. A fara da awa ɗaya kina zaune, washegari ki yi masa sallama ki fita na ɗan lokaci, ki dawo kamar yadda kika ce.

Ku taho da zani da majanyi, abin goyon kanti bai fi su ba. A Disamba kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi, yaro a kulle sai rigima, don haka a sa masa rigar sanyi a fita ko na rabin awa. 'Yan shekara 1 zuwa 4 ana ba su bitamin D, maikirogiram 10 kullum, balle masu baƙar fata. Dukan yara kuma, Sukotlan ta haramta shi tun 2020, a Ingila ma in malama ta ga shatin bulala sai ta kai rahoto.