Ƙamus ɗin Bargery: wa zai amfana da shi, kuma me za a duba kafin a biya kuɗi

Duk mai aikin fassara a Kaduna, ko a gidan rediyo yake ko a coci ko a kotu, ya san akwai kalmar da in ta gagari ƙamusoshin zamani sai a ce a dubo Bargery. Littafin ya cancanci wannan suna, amma ba kowa ne zai ci moriyar kuɗinsa ba.

George Percy Bargery Bature ne ɗan Ingila, an haife shi a 1876, ya rasu a 1966. Mishan ɗin CMS na cocin Angilika ne ya kawo shi Arewa a farkon ƙarni na 20, zamanin su Dokta Walter Miller na Zariya. Rashin lafiya ta mayar da shi gida a 1910, daga baya ya dawo a matsayin jami'in ilimi na gwamnati. A 1921 aka ɗora masa aikin haɗa ƙamus, bai fito ba sai 1934, daga maɗaba'ar Jami'ar Oxford. Ya koyar da Hausa a Landan, sannan da tsufansa ya sake dawowa Kano a shekarun 1950 don gyaran fassarar Littafi Mai Tsarki. Wanda ya zata zai tarar da wa'azi a ƙamus ɗin zai sha mamaki, domin aikin harshe ne zalla. Maganar bori, fatauci, sarauta da karatun allo duk suna ciki yadda mutane ke faɗarsu.

Littafin ya haura shafi 1,200, da kalmomi wajen 39,000. A 1993 maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta sake buga shi da ƙarin kalmomi da sabuwar gabatarwa daga masanin Hausa Neil Skinner. Wannan bugun shi ya fi dacewa da mai saye a nan.

Ƙarfinsa yana wuri biyu. Na farko karin harshe. Yakan sa alama a gaban kalma ya nuna ta Katsina ce ko Sakkwato, Zazzau, Daura ko Gobir. A gari irin Kaduna, inda Basakkwace da Bazazzagi da mutumin Kudancin Kaduna ke sauraron labarai ɗaya, wannan alama na hana mai fassara ɗauko kalmar da rabin masu sauraro ba su taɓa ji ba. Na biyu jerin kalmomi masu ma'ana ɗaya. Buɗe wajen "ƙato" ka gani: kalmomi fiye da 300 ne a jere, duk na girman abu. Marubucin labari ko mawaƙi zai iya yini a shafin nan. Haka sunayen itatuwa, ciyayi, cututtukan dabbobi, kayan doki, kayan saƙa da na rini. Yawancinsu yau sai a bakin tsofaffi.

Yadda ake karanta shi yana buƙatar ɗan haƙuri. Bayan kowace kalma akwai yadda ake furta ta, da alamun karin sauti da tsawon wasali. Kada a tsallake shafukan farko inda aka yi bayanin alamomin da taƙaitattun haruffa, in ba haka ba rabin amfanin littafin ya tafi. Sai dai masana sun daɗe da gano cewa tsawon wasalin ƙarshen kalma ba abin dogaro ba ne a cikinsa. Ɗalibin da ke rubuta kundi a kan tsarin sauti ya gwada da ƙamus ɗin Hausa na su Paul Newman kafin ya kafa hujja.

Rauninsa kuwa na shekaru ne. Ba za ka sami kalmomin siyasar jam'iyyu ko kwamfuta ba, ƙarin 1993 ma bai cike giɓin ba. An buga shi kafin a daidaita ƙa'idojin rubutun da ake koyarwa yanzu, saboda haka malamin firamare kada ya ɗauki rabon kalmomi daga misalansa. Ɓangaren Turanci zuwa Hausa da ke baya ɗan taƙaitacce ne, manuniya ce kawai. Bayanin ma'ana duk da Turanci yake, Turancin ma na da. Wanda yake son bayani da Hausa, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ya fi masa.

Wajen saye ake yawan tafka asara. Kwafin hoto ya yi yawa, an yi masa bango mai kyau kamar na asali. Rubutun littafin ƙanana ne, kowane shafi an raba shi gida biyu, kuma alamun sauti su ne farkon abin da injin hoto ke cinyewa. Buɗe tsakiya, ka duba ko ana rarrabe alamomin da ido ba tare da ƙyafce-ƙyafce ba. Duba gefen ciki kusa da ɗinki, nan haruffan farkon layi ke ɓacewa. Bi lambobin shafi a wurare uku ko huɗu, domin akan tsallake damin shafuka sukutum ko a maimaita. Littafi mai wannan kauri in gam kawai aka sa masa ba zare, zafin bazara zai busar da gam ɗin ya fara zubar da ganye. A kai wa mai ɗinkin littafi ya ɗinke da zare, ko ya raba shi gida biyu. Tsohon kwafi kuma a shinshina, a duba ramukan gara da tabon damina.

An taɓa sa shi a intanet inda ake rubuta kalma a nema, in an same shi ya isa ga mai dubawa jefi-jefi. Mai fassara na kullum, limamin coci mai shirya wa'azi da Hausa, da mai bincike a Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna, su kam su nemi na takarda, su ajiye shi a kwance kan kanta nesa da bango.